Ƙasar da Gara Ta Ƙi

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma saniyar ta faso gidanmu. Na san lokacin don agogon Baba yana gabana a kan tabarma, ina gwada kaina da lissafin jarrabawar bak, ta gama sakandare, da zan zauna ƙarshen shekara. Hutu ne, na dawo daga lise, makarantar sakandarenmu ta Konni. Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu da ke gabas da Dogarawa, bayan darninmu sai gona.

Kukanta na fara ji, irin wanda ban taɓa ji daga bakin dabba ba. Kafin in miƙe ta kwantar da darni ta shigo, ja ce mai dogon ƙaho, bakinta na kumfa, idonta a buɗe amma ba ta gani. Ta taka randa, ta bi ta kan murhu, ta je ta kafa goshi a jikin sabon rumbunmu tana turawa. Ta ja da baya ta sake karo da shi, ta sake, har ƙaho ɗaya ya ɓalle jini ya wanke mata fuska. Inna ta sure ƙanwata daga ƙofar ɗaki. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba a lokacin, ta fara tafiya, kuma kalma ɗaya ta iya sosai, Yaya, wadda take kirana da ita ko ina kusa ko ina Konni.

Mai saniyar ya shigo da gudu. Bafulatani ne dattijo, wanda yake sauka a gonarmu kowane rani tun ba a haife ni ba. Shanunsa su ci kara su bar taki, Baba ya ba shi dammunan gero, matarsa ta kawo wa Inna nono suna kiran juna ƙawa. Ya tarar saniyar ta faɗi tana shure-shure. Ya durƙusa a wuyanta ya yanka ta kafin ta mutu. Da ya ɗago sai ya ce wa Baba:

"Aboki, wagga ta ukku ke nan yau. Ban san mi sunka ci ba."

Da aka feɗe ta, ya aiko wa Inna da hanta kamar yadda ya saba. Aka gasa, aka yayyanka wa ƙanwata ƙanana ta ci.

Sai na koma baya kaɗan, in faɗi yadda aka yi rumbun nan da ɗakin Inna. Ƙauyenmu gara ta yi masa yawa. Shekarar da ta gabata ta ci gindin tsohon rumbunmu, ta hau cikin gero, muka buɗe muka tarar da rabinsa ya zama ƙasa. Ranar Baba bai ci abinci ba. Kowa a garin yana da irin labarinsa: littafin wani, tabarmar wata, azarar ɗaki da ta rufto wa tsohuwa.

Kawu, ƙanen Inna, shi ne mai amalanken jaki a unguwarmu, yana ɗauko wa mutane ƙasar gini. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kirana da suna sai ƴar lakwal, wato ƴar makarantar boko. Shi ya gano wani fako a bakin kwalta, kan hanyar Malbaza, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Manya sun san wurin. Shekaru da suka wuce wasu fatake sun kafa rumfuna a can, suna sayen matattun baturan manyan motoci, su fasa su da gatari, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar ciki a yanke-yanken gangar ƙarfe, su ƙetara iyaka da ita. Wata rana aka wayi gari sun tashi. Iska ta kwashe rumfunan, yara suka tsince robobin, wurin ya koma fako kamar kowane fako. A ƙasan sa akwai wani ɗan kwari inda ruwan damina ke gangarawa ya kwanta, ya bar laka mai laushi, toka-toka. Kawu ya lura babu shurin gara ko ɗaya a wajen, babu ramin tururuwa. Ya kafa busasshen kara a lakar ya bar shi damina guda, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi.

Ranar da ya kawo amalanken farko ya tsaya a tsakar gida yana daka wa jaki baya, ya ce da Inna:

"Yaya, ga maganin gara na kawo miki. Ke kuma ƴar lakwal, littattafanki sun tsira, ki biya ni da karatun wasiƙa."

Da ita aka gina sabon rumbu, aka yaɓe ɗakin Inna ciki da waje. Matan unguwa suka taru aka yi daɓe, suna yayyafa ruwan makuba suna bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasan ɗakin ya yi sulɓi yana ɗaukar ido. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Kafin kaka gidaje da yawa sun sa Kawu ya kawo musu. Abin da ya rage namu aka tara shi tsibi a bayan darni, gefen gona. Kuma gaskiya ne, gara ba ta sake leƙo ɗakin ba. A kan daɓen nan ƙanwata ta koyi rarrafe.

Washegarin ranar saniyar, da hantsi, ƴaƴan dattijon biyu suka zo ƙofar gidanmu da sanduna. Wasu shanun sun kwana sun mutu, ba a ko samu yanka su ba. Babban yana riƙe da wata tsohuwar kwalbar maganin ƙwari da ya tsinta a bukkar gona.

"Ka sa muna guba a kara, ko? Don ka gaji da ba da gero?"

Baba ya ce, "Kai yaro, kwalbar ga ta bara ce, ta wake. Ina ubanka? Da shi ni ka magana."

"Ubana na can yana kuka kamar mace. Ni ka yi da ni."

Ina tsaye a bayan ƙyaure ina leƙe. Ban ga wanda ya fara ɗaga hannu ba. Na dai ji ƙarar sanda a kan Baba, wata ƙara marar amo kamar an fasa kabewa, na ga ya durƙusa jini na bin kunnensa yana ɗiga a rigar sallarsa. Inna ta yi kururuwa. Samarin unguwa suka fito, wani da taɓarya, wani da hauya. Suka rufe babban. Na ga an ɗaga hauya an sauke a hannunsa, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ƙaramin ya ja shi suka gudu cikin kara, ana jifansu da duwatsu. Jandarma sun zo da la'asar, suka tafi da mutum biyu daga kowane ɓangare, aka ɗinke wa Baba kai a ɗakin shan magani.

Duk wannan bai kai abin da ke tafe ba. Ƙanwata ta jima ba ta da daɗi, mu ne ba mu haɗa shi da komai ba. Ta rage cin abinci, cikinta ya ƙulle, tana kuka ba dalili. Ta daina tafiya ta koma rarrafe, Inna ta ce haƙori ne. Tana da wata ɗabi'a ta zuwa lungun ɗaki, bayan gado, ta kankare yaɓe da farce ta sa a baki. Ko an cire mata sai ta koma. Kowane yaro a garinmu yana cin ƙasa, ba wanda ya damu.

Ƴan kwanaki bayan faɗan, da tsakar rana, ina ba ta kunu sai ta sandare a cinyata. Kanta ya koma baya, idonta ya juye fari, hannuwanta suka dunƙule suka fara fizga. Na kira Inna da muryar da ban san ina da ita ba. Mata suka cika ɗakin. Wata ta danne ƙafafun, wata ta tura cokali tsakanin haƙoranta da ƙarfi har ɗaya ya fita da jini. Aka kawo garwashi aka zuba turare da wasu saiwoyi, aka kifa fuskarta a kan hayaƙin tana shaƙewa. Ta saki, ta sake sandarewa. Da ta farfaɗo ta dube ni kamar bango.

A cikin hayaƙin nan wata maƙwabciyarmu ta ce:

"Ni na gani da idona. Ranar da Bahillatar ga ta kawo nono ta ɗauki ɗiyar ga, ta daɗe tana kallon ta. Sun rasa shanu, sun ɗauki fansa."

Inna ta ce, "Ƙawata ce, ki ji tsoron Allah."

Amma maganar ta riga ta fita ƙofa. Kafin la'asar samari sun taru. Baba na kwance da kai a naɗe, ya aika a hana su, ba wanda ya saurara. Na hau kan turmi a bayan darni na ga komai. Suka cinna wa bukkokin rugar wuta ɗaya bayan ɗaya. Ƙoren nono da matar dattijon take jerawa a kan gado suka riƙa fashewa cikin wutar. Wani ɗan maraƙi da ke ɗaure ya yi ta zagaya turkensa har igiya ta ƙone. Matar ta fito ba ɗankwali, da jika a baya, wani ya ɗirka mata sanda a kafaɗa ta faɗi, ta tashi ta ci gaba da gudu. Dattijon bai gudu ba. Ya tsaya yana kallon gidanmu, sannan ya kora sauran shanunsa ya yi arewa.

Da safe na zaga bayan darni. Ban san abin da ya kai ni ba, wataƙila don in guje wa ɗakin. Toka na hayaƙi har lokacin. A gefen gona na tarar da tsibin ƙasar da ta rage, kuma ba yadda muka bar shi yake ba. An rarake shi ta kowane gefe, ramuka masu santsi, irin waɗanda harshen saniya ke yi a jikin kanwa. Sawun kofato ya zagaye shi. Shanun sun yi ta lasar sa tun saukarsu.

Na samu tsinke na tona. A cikin lakar akwai ƙananan gutsattsarin baƙar roba, da wasu ɓarɓashi masu toka-toka, da wani ɗan guntu mai ramuka jere kamar haƙoran mataji. Ya fi girmansa nauyi. Na goga shi a kan dutse ya bar layi kamar fensir. A lise mun zana cikin batir a allo, na san abin da ake jerawa a ciki, na kuma san mushen kimiyya, malaminmu, ya ce dalma guba ce. Ina durƙushe a wurin abubuwa suka riƙa dawo mini. Tsakar da ke bin bangon tsohon ɗaki ba ta taɓa hawa sabon ba. Ƴan tsakin Inna da suke tsattsaga a gindin rumbu sun mutu ɗaya ɗaya, muka ce sanyi ne. Gara ta ƙi ƙasar, mu kuma muka shimfiɗa ta inda jaririya ke kwana.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa sai an kira sunana, kuma sai na maimaita don ba a ji. Na ƙulle gutsattsarin a bakin zanena na shiga gida. Kawu na zaune a ƙofar ɗakin Inna, ya zo duba yarinya. Na kwance ƙullin na ajiye a gabansu, na faɗi abin da na gani, idona a ƙasa.

Kawu ya yi dariya da farko.

"Ƴar lakwal ta zama likita. To ƙasa ce ta kama ɗiya? Ƙasar da kowa ka takawa?"

Na ce, "Kawu, shanun ita sunka lasa. Ita ma ita take ci."

Dariyar ta tsaya. Ya dubi gutsattsarin, ya dubi yarinyar a bayan Inna, ya miƙe. Marin da ya yi mini ya jefa ni jikin bango, kunnena ya toshe, leɓena ya fashe.

"Ni za ki ce na kashe ɗiyar ƴar'uwata? Ni da na goye ki? Ki sake faɗin wagga magana a garin ga ki gani."

Ya tattake gutsattsarin ya fita. Inna ta matso kusa da ni. Ta jiƙa tsumma ta goge mini baki. Da gari ya waye ta goya yarinyar ta ɗaure da majanyi biyu, ta ce da ni:

"Kankaro ƙasar bayan gado ki ƙulle. Mu tahi."

Muka tsaya a bakin kwalta har taksi ya tsaya. A hanya yarinyar ta sake sandarewa a bayan Inna, kanta na bugun gilashi, fasinjoji na salati, direba na taka mota.

Likitan yara na babban asibitin Konni dattijo ne mai gajeriyar magana. Ya buɗe bakin yarinyar ya dubi dadashi, ya tambayi ko akwai masu niƙa dutsen ma'adini a gidanmu, don ya taɓa ganin yara haka a tsallaken iyaka. Inna ta ce babu. Ta zungure ni. Na kwance ƙullin, na faɗi labarin fakon da baturan. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Aka ɗebi jininta aka aika da shi nesa, kuma bai jira sakamako ba ya fara magani. Da sakamakon ya dawo ya kira mu ya ce dalma ce, mai yawa. Ya ce maganin zai riƙa janye ta daga jini a hankali, amma akwai sharaɗi ɗaya: kada a mayar da ita inda ta ɗauko ta. In ta koma kan ƙasar nan, duk abin da aka cire zai dawo, kuma jikinta ba zai ɗauki karo na biyu ba.

Daga ranar tambaya ɗaya ta rage a gidanmu. Yaushe za ta koma gida?

Baba ya zo asibiti da kansa a naɗe. Ya zauna a inuwar bango ya tsara abin da yake gani daidai. Ɗakin nan da rumbun nan su ne duk abin da ya gina a rayuwarsa, kuma geron shekara na cikin rumbun. Ya ce a rufe ɗakin, a yaye rufin, a bar ruwan sama ya wanke shi. Ya taɓa ganin gonar da gishiri ya kashe ta farfaɗo bayan an bar ta.

"Ba abin da ruwa ba ya wankewa. Ke da kike jin faransanci, tambaye su damina nawa za mu jira. Ko biyu ko ukku, mu jira."

Na tambayi likita. Ya ce shi aikinsa jini ne, ƙasa ba fanninsa ba ce, ya dai rubuta wa hukuma. Na tafi buro, ofishin masu kula da muhalli, na tsaya a ƙofa har aka gan ni, aka ce mai amsa irin wannan ya tafi taro. Na koma, aka ce an kai maganar sama. Da aka koma lakwal na tsaya bayan aji na tambayi mushen kimiyya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ba zai faɗa mini abin da bai tabbatar ba. Ina fita lise in wuce asibiti in karɓi Inna ta huta. Fizgar ta ragu, sannan ta daina. Yarinyar ta fara zama, ta fara kama cokali. Ba ta kira ni ba. In na ce mata "Ce Yaya," sai ta dubi bakina ta kau da kai.

Kafin hukuma ta iso, labari ya riga ta zuwa gari. Wasu yara biyu a gidajen da aka yi daɓe da ƙasar suka kamu, ɗaya bai kai asibiti ba. Na dawo ƙauye ɗaukar wa Inna kaya ranar da aka binne shi. Daga maƙabarta mutane ba su watse ba, suka zarce gidan Kawu. Samarin da suka ƙona rugar su ne a gaba. Suka jawo shi waje da wuyan riga, yana cewa, "Ku kunka roƙe ni! Kai, ba kai ka biyo ni har gida ba?" Uban yaron da ya mutu ya fara, da icen makara. Suka kayar da shi, suka yi ta dukan sa da ƙafa da sanda, haƙoransa na zuba a rairayi. Wani ya kwance jakin ya sare masa agara, dabbar ta zauna a kan ƙafafun baya tana kuka. Aka cinna wa amalanken wuta.

Baba ne ya ratsa taron. Ya kwanta a kan Kawu da ɗinkin kansa a waje. Sanda ɗaya ta same shi a baya kafin su gane shi. Daga nan hannuwa suka yi sanyi. Ni na kawo ruwan da aka wanke wa Kawu fuska. Ya buɗe idon da bai kumbura ba ya gan ni, ya ce, "Ƴar lakwal," sai ya fashe da kuka. Bai sake ɗaga hannun damansa sama da kafaɗa ba har yau.

Mutanen hukuma sun zo dab da damina, a farar mota. Shugabarsu mace ce, siririya, da hular kaba a kan ɗankwalinta, Bahaushiyar Tawa da ta yi karatun ƙasa a jami'a. Tana riƙe da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, yara suka watse da ta fito da ita. Sai ta kafa bakinta a ƙasa, ta jira, ta karanta lamba a bayanta. Ranar Asabar ce, ina gida. Baba ya ce in bi ta in yi tambayar.

Na bi ta tun hantsi ban iya buɗe baki ba. Ta auna daɓen ɗakin Inna ta sake aunawa. Ta auna lungun bayan gado, inda sawun farcen ƙanwata ke nan har lokacin, ta cire hularta. Ta auna jikin rumbu, ta ce kada a ci geron da ya taɓa bango. Ta auna tsibin, ta auna tokar rugar, ta tambayi ina masu shanun, ba wanda ya amsa. Baba ya neme su a kasuwar Illela har sau da yawa bayan haka, bai taɓa samun wanda ya ce ya gan su ba.

Daga nan muka shiga mota zuwa fakon. Ta fara daga inda rumfunan suka tsaya, ta bi gangaren tana aunawa, tana nuna wa abokan aikinta yadda ruwan damina ya riƙa ɗaukar ɓarɓashin kaɗan kaɗan yana sauke shi a kwarin, inda laka ta kama shi ta riƙe. Ta sa aka haƙa rami. A sama lambar ta yi yawa, da aka nutsa kamu biyu ta faɗi. Duk shekarun nan gubar tana kwance a fatar ƙasa, ba ta nutse ba, ba ta gushe ba. Ramukan da Kawu ya ɗebi laka suna nan a gefe, da sawun amalankensa. Ta tsaya ta dube su.

"Ruwa ya yi shekaru bai kai ta ko ƙorama ba," in ji ta. "Jaki ya kai ta cikin ɗaki a yini guda."

Amsar da ta ba ni daga baya a bakin ramin nan ita ta raba mu da gidan. Saboda ita Baba ya ɗauki gatari da hannunsa ya fasa daɓen da matan unguwa suka buga, ya rushe rumbun, mutane masu rufe hanci suka kwashe ƙasar a buhuna. Saboda ita Inna ta wuce da ƙanwata kai tsaye daga asibiti zuwa gidan kakarmu a Tajaye, inda yarinyar ta girma. Yanzu tana tafiya, tana dariya, tana iya daka. Magana ta dawo mata a makare, kuma lakwal ta gagare ta. Ni kuma na ci bak, na bi karatun ƙasa.

Ranar nan a bakin ramin, abokan aikin shugabar sun koma mota, ita tana goge na'urar da tsumma. Na matsa kusa. Sai da ta ce, "Ƙanwata, tun safe kike bi na, mi kike so?" sannan na samu murya. Na ce ƙanwata ce ke asibiti, daga ɗakin da ta auna. Na ce Baba ya ce a yaye rufi a bar wa ruwa, ya aiko ni in tambaya damina nawa za mu jira kafin ta koma gida.

Ta dube ni, ta dubi fakon, ta zauna a bakin ramin ta ja hannuna na zauna kusa da ita.

"Kin ga wurin ga? Damina nawa ta sauka a kansa tun ba a haife ki ba, ga shi nan yadda sunka bar shi. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, rana ba ta cin ta. Ƙasarmu kuma ba ta samun ruwan da zai tura ta ƙasa. Inda anka aje ta nan take, sai in an kwashe ta da hannu an kai wani wuri. Ki gaya wa babanku babu adadin damina. In kun bar daɓen ga, jikokin ƙanwarki za su tarar da ita a lungun bayan gado. Kada ku mai da ita ɗakin ga, ko na kwana guda."